YADDA AKE AUNA INGANCI DA CIKAR RAJISTAR MASU ZAƁE

Kafin a buga takardar ƙuri'a ko guda ɗaya, kafin a kafa rumfa ko a ɗauki ma'aikacin zaɓe, akwai littafin da tilas a fara kammalawa, watau rajistar masu zaɓe. A cikinsa ake rubuta sunan kowane ɗan ƙasa da ya cancanci jefa ƙuri'a, da shekarunsa, da hotonsa, da rumfar da zai yi zaɓe. Wanda sunansa ba ya ciki ba shi da ta cewa ranar zaɓe, kome iliminsa ko dukiyarsa. Sashe na 77 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk ɗan Nijeriya da ya cika shekara 18, yake kuma zaune a ƙasar nan lokacin rajista, haƙƙin a rubuta sunansa. Hukumar Zaɓe ta Ƙasa Mai Zaman Kanta, watau INEC, ita doka ta ɗora wa nauyin tattara wannan littafi da kula da shi.

A zaɓen 2023 rajistar ta ƙunshi sunaye 93,469,008, an rarraba su a rumfuna 176,846 cikin gundumomi 8,809 na ƙananan hukumomi 774. Littafi mai wannan girma ba ya rasa kuskure, a nan ko a kowace ƙasa. Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne yadda ake gane yawan kuskuren, da irinsa, da kuma inda ya fi yawa. Manufar wannan takarda ke nan.

ABUBUWA BIYU DA AKE AUNAWA

Masana harkar zaɓe suna duban rajista ta fuska biyu. Ta farko ita ce inganci. Rajista mai inganci ita ce wadda babu sunan ƙarya a cikinta: babu mamaci, babu yaro, babu baƙon da ba ɗan ƙasa ba, babu wanda aka rubuta sau biyu. Ta biyu ita ce cika. Cikakkiyar rajista ita ce wadda ba ta bar kowa a waje ba daga cikin waɗanda suka cancanta.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san bambancin. Buhun gero yana iya zama tsantsar gero amma ya gaza da mudu biyar. Yana kuma iya cika fal har bakinsa, amma a tarar an haɗa shi da tsakuwa da ƙaiƙayi. Mafi hatsari shi ne buhun da aka ɗebe masa gero aka cika gurbin da yashi, domin idan aka ɗora shi a sikeli nauyinsa zai yi daidai, mai saye ba zai farga ba sai ya je gida ya kwance.

A ɗauka akwai wani gari mai mutum 1,000 da suka isa zaɓe, rajistarsa kuwa tana da sunaye 1,000. Wanda ya dubi jimla kawai zai ce aiki ya yi kyau. Amma da aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya sai aka tarar 70 sun rasu, 80 sun tashi tun da daɗewa ba su da sauran hulɗa da garin, 40 maimaici ne, 10 kuma yara ne. Sunaye 200 ke nan ba su da tushe, saura 800 na gaskiya. Ingancin rajistar kashi 80 cikin ɗari ne. Tun da yake kuma mutum 800 kaɗai aka rubuta daga cikin 1,000 da suka cancanta, cikarta ma kashi 80 ne, akwai mutum 200 da za a kora daga rumfa ranar zaɓe.

Idan hukuma ta soke sunayen banzan nan 200 ta tsaya nan, inganci ya kai kashi 100, amma cika tana nan a kashi 80. Idan kuwa ta rubuta mutum 200 da aka tsallake ba ta soke kome ba, sunaye sun zama 1,200, cika ta kai kashi 100, inganci kuwa bai wuce kashi 83 da ɗan ɗori ba. Saboda haka kowanne ana auna shi daban, kowanne kuma da nasa magani.

ME YA SA ABIN YA SHAFI KOWA?

Rashin cika yana hana ɗan ƙasa haƙƙinsa kai tsaye. Ba kuma kowa yake faɗa wa daidai ba: ya fi aukawa matasan da suka cika shekara 18 bayan an rufe rajista, da waɗanda suka sake mazauni, da makiyaya da masunta masu yawo, da mutanen da rikici ko ambaliya ta raba da gidajensu, da mazauna ƙauyukan da ke nesa da ofishin hukuma.

Rashin inganci kuwa yana buɗe ƙofar maguɗi, domin sunan da ba shi da mai shi wani na iya hawa kansa. Ko da ba a yi maguɗi ba, yana ɓata lissafi ta hanyoyi da dama. Da yawan sunayen rajista ake ƙiyasta takardun ƙuri'a da za a buga da kuɗin jama'a. Da shi ake lissafin kason waɗanda suka fito zaɓe. Sashe na 69 na Tsarin Mulki ya ce ba za a fara yi wa ɗan Majalisar Tarayya kiranye ba sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa sun sa hannu a takardar koke. In rajistar cike take da matattu da waɗanda suka tashi, kai wa wannan rabin sai ya gagara.

Har ila yau, adadin masu rajista ya sha zama abin da ke raba gardama a zaɓen da aka yi kankankan. A zaɓen gwamnan Jihar Osun na watan Satumba 2018, tazarar da ke tsakanin 'yan takara biyu na gaba ƙuri'a 353 ce, alhali rumfuna bakwai da aka soke zaɓensu suna da masu rajista 3,498. Bisa wannan lissafi aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake jefa ƙuri'a a rumfunan nan, wanda yake na biyu a zagayen farko ya zo ya yi nasara. Inda makomar jiha guda ke iya rataya a kan sunayen rumfuna bakwai, kowane suna yana da nauyi.

HANYA TA FARKO: KWATANTAWA DA ƘIDAYAR JAMA'A

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki yawan sunayen rajista a aza shi kusa da yawan manyan da ƙidaya ta nuna. In rajista ta gaza ƙwarai, an bar mutane a waje. In ta zarce yawan manyan da ke akwai, lalle an cusa abin da ba shi ba.

Tarihin ƙasar nan ya ba da misali a fili. A 1979, lokacin da aka rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18, matan Arewa kuma suka shiga zaɓen tarayya karo na farko, hukumar zaɓe ta wancan zamani, FEDECO, ta rubuta sunaye kimanin miliyan 48.6. A 1983 adadin ya tashi zuwa miliyan 65.3. Shekara takwas bayan haka, ƙidayar 1991 ta samu mutum kusan miliyan 89 a Nijeriya duka, manya da yara, kusan rabinsu kuwa ba su kai shekara 18 ba. Ke nan ba ta yiwuwa a ce akwai manya miliyan 65 tun a 1983. Hukumar binciken da Mai Shari'a Bolarinwa Babalakin ya shugabanta a kan ayyukan FEDECO ta tabbatar a rahotonta na 1986 cewa an cusa sunayen ƙarya a rajistar. Da aka zo zaɓen 1993 da sabuwar rajista, sunayen ba su wuce kimanin miliyan 39 ba.

Amma fa wannan hanya tana da rauni biyu. Na farko, jimla kaɗai take gani, saboda haka buhun da aka cika da yashi zai wuce ta ba ta sani ba. Na biyu, ƙarfinta ya dogara ga ƙidayar da aka kwatanta da ita. Ƙidayar 2006 ta samu mutum miliyan 140.4, wadda aka shirya yi a watan Mayu 2023 kuwa an ɗage ta. Gwargwadon nisan da aka yi daga shekarar ƙidaya, gwargwadon yadda ake dogara ga ƙiyasi, musamman a matakin ƙaramar hukuma inda mutane ke shiga da fita kullum.

HANYA TA BIYU: BINCIKEN RAJISTA DA NA'URA

Tun daga rajistar farkon 2011, a zamanin shugabancin Farfesa Attahiru Jega, ana ɗaukar hoto da zanen yatsun duk wanda ya zo rajista. Wannan ya ba da damar a sa kwamfuta ta gwada yatsun kowane mutum da na sauran, ta fito da duk wanda ya bayyana fiye da sau ɗaya. Rajistar 2011 tana da sunaye miliyan 73.5. Bayan an tace ta aka soke fiye da miliyan huɗu, shi ya sa ta 2015 ta sauko zuwa miliyan 68.8, duk da sababbin da aka ƙara.

A rajistar da aka yi daga watan Yuni 2021 zuwa ƙarshen Yuli 2022, mutum 12,298,944 suka kammala sabuwar rajista. Da aka bi su da na'urar da ke gwada yatsu da fuska, wadda ake kira ABIS, sai aka soke 2,780,756, watau fiye da kashi 22 cikin ɗari. Da yawa daga cikinsu ba da mugun nufi suka yi ba: katinsu ne ya ɓace, ko sun sake gari, maimakon su nemi sabon kati ko a mayar da sunansu sabon mazauni sai suka sake rajista daga farko.

Na'ura tana da iyakarta. Ba ta san wanda ya rasu ba, domin yatsun mamaci suna nan a ajiye kamar na mai rai. Idan an rubuta wa yaro ranar haihuwar ƙarya, abin da aka rubuta za ta karanta. Mutumin da bai taɓa zuwa rajista ba kuwa, ba ta da labarinsa sam. Wannan hanya tana gyara wani sashe na inganci, amma ba ta cewa kome game da cika.

HANYA TA UKU: GWADAWA DA WASU LITTATTAFAN HUKUMA

Ana iya ɗaukar rajistar zaɓe a gwada ta da littafin haihuwa da mutuwa, ko da na katin shaidar ɗan ƙasa. A Kenya, kafin zaɓen 2022, an ba kamfanin binciken lissafi na KPMG wannan aiki, ya kuwa gano sunayen matattu fiye da 246,000 a cikin rajista.

A Nijeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rubuta haihuwa da mutuwa. Matsalar ita ce yawancin mace-mace ba a kai rahotonsu, musamman a karkara, inda akan yi jana'iza a ranar a binne ba tare da wata takarda ba. Hukumar Zaɓe kuwa ba za ta soke sunan mutum a kan jita-jita ba, domin soke sunan mai rai bisa kuskure zalunci ne da ya fi barin sunan mamaci muni. Saboda haka tun da aka gina rajistar yanzu a kan tushen ta 2011, duk shekara tana ƙara tara sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sai fa inda dangi suka kai rahoto.

HANYA TA HUƊU: KAFE RAJISTA JAMA'A SU GANI

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta wajabta a kafe rajista a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya yi, mai neman gyara ya nema. Daga ranar 12 zuwa 25 ga Nuwamba 2022 an kafe ta a gundumomi da ofisoshin ƙananan hukumomi, aka kuma sa ta a shafin hukumar na intanet. Sunaye 93,522,272 aka kafe. Bayan an saurari ƙorafe-ƙorafe aka soke 53,264.

Amfanin wannan hanya shi ne mutanen unguwa sun san junansu fiye da kowace na'ura. Mai unguwa da liman da fasto sun san wanda aka binne bara, malamin makaranta ya san yaron da ke ajinsa. Sai dai ƙarancin sunayen da aka soke ba ya nuna rajista ta tsarkaka, yana iya zama mutane ne ba su je sun duba ba. Mafi yawan waɗanda suka je ma sunansu kaɗai suke nema, da sun gan shi sai su juya.

HANYA TA BIYAR: BIN GIDA GIDA

Wannan ita ce hanyar da ke ba da amsar tambayoyin nan biyu da adadi. Gwaji biyu ake yi, ɗaya yana fuskantar ɗaya.

Na farko shi ne daga takarda zuwa mutane. Ana zaɓo wasu sunaye daga rajista ta hanyar ƙuri'a, ba tare da son rai ba, sa'an nan a aiki ma'aikata su je su nemo masu su. Shin akwai mutumin? Yana da rai? Shekarunsa sun kai? Abin da aka rubuta game da shi daidai ne? Kason waɗanda aka samu daidai shi ne ma'aunin inganci.

Na biyu shi ne daga mutane zuwa takarda. Ana zaɓo unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, a rubuta duk wanda ya isa zaɓe a kowane gida, sa'an nan a koma a nemi sunayensu a rajista. Kason waɗanda aka samu a ciki shi ne ma'aunin cika.

Mai karatu na iya tambaya yadda mutum dubu kaɗan za su faɗi halin miliyan casa'in. Mai dafa miya ba ta shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji. Cokali ɗaya ya isa, muddin ta motsa tukunyar sosai. Zaɓe ta hanyar ƙuri'a shi ne motsawar. Ilimin lissafi ya nuna cewa idan aka zaɓo mutum 1,000 ta haka, sakamakon ba ya cika kauce wa gaskiya da fiye da kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa. Da mutum 2,400 kuwa kaucewar takan ragu zuwa kashi 2. Idan ana son a san halin kowace jiha ita kaɗai, tilas kowace ta samu nata adadi mai yawa. Idan kuwa ma'aikata suka tsaya a gidajen bakin titi suka ƙi shiga lungu da rugage, an ɗebi miya daga sama ke nan, sakamakon ba shi da amfani.

Hukumar Zaɓe ta Birtaniya tana yin irin wannan bincike lokaci lokaci. A wanda ta yi a kan rajistar Disamba 2022, ta samu cewa a Ingila da Sikotilan da Wels rajistar zaɓen ƙananan hukumomi ta cika kashi 86 cikin ɗari, ingancinta kuwa kashi 88, ta kuma ƙiyasta cewa mutanen da ba a rubuta su daidai a mazauninsu ba za su iya kai miliyan 8 a ƙasar duka. Matasa da 'yan haya da waɗanda ba su daɗe da tarewa ba su suka fi fita a rajista. Wannan ƙasa ce mai lambar gida da sunan titi ko'ina, amma duk da haka ba ta kai kashi 90 ba.

Wajen yin irinsa a Nijeriya akwai abubuwan lura. Dokar 2022 ta yarda mutum ya yi rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko garinsu na asali, saboda haka ɗan kasuwar da ke Legas wanda sunansa ke Sakkwato ko Anaca ba sunan ƙarya ba ne don ba a same shi a gida ba. Gidaje da yawa ba su da lamba. Suna ɗaya yakan zo da rubutu iri iri, kamar Muhammadu da Mohammed, mutum goma kuma na iya amsa suna ɗaya a unguwa guda, don haka sai an haɗa da hoto da lambar kati. A gidajen da maza baƙi ba sa shiga, wajibi ne a aiki ma'aikata mata, in ba haka ba a rasa labarin rabin gidan. A rajistar 2023 mata kashi 47.5 ne, maza kashi 52.5, irin wannan bincike ne kuma zai nuna a waɗanne wurare aka fi barin mata a baya.

WASU ALAMU DA KE BUƘATAR HATTARA

Kafin zaɓen 2023 mutum 87,209,007 suka karɓi katin zaɓensu, fiye da kati miliyan 6 suka rage a hannun hukuma. A zaɓen shugaban ƙasa kuwa ƙuri'un da aka jefa ba su kai miliyan 25 ba, watau ƙasa da kashi 27 cikin ɗari na masu rajista. Ba daidai ba ne a ce duk wanda bai fito ba ba ya duniya. Akwai tsoro, da nisa, da ƙarancin kuɗi a hannu da aka yi fama da shi a lokacin, da kuma waɗanda suka yanke ƙauna. Haka nan ba daidai ba ne a ce duka ƙin fita ne, domin matattu da waɗanda suka tashi suna cikin jimlar da aka raba da ita. Raba tsakanin waɗannan biyu sai da bin gida gida.

ABIN DA AKE BUKATA GA KOWANE ƊAN ƘASA

Wanda ya cika shekara 18 ya je ya yi rajista da kansa a ofishin Hukumar Zaɓe na ƙaramar hukumarsa idan an buɗe. Ba a yi wa wani, ba a kuma biyan ko kwabo.

Wanda ya sake gari ya nemi a mayar da sunansa sabon mazauninsa. Wanda katinsa ya ɓace ko ya lalace ya nemi a sake masa. Yin rajista sau biyu laifi ne da ke jawo tara, ko ɗauri, ko duka biyu.

Idan an yi rasuwa a gida, magada su kai rahoto ofishin Hukumar Ƙidaya su karɓi takardar shaida, sa'an nan su sanar da Hukumar Zaɓe.

Idan an kafe rajista, mutum ya duba sunansa, ya duba na iyalinsa da na maƙwabta, in ya ga mamaci ko yaro ko baƙon suna ya cika takardar ƙorafi a nan take.

Iyaye da masu unguwanni kada su yarda a kai yara rajista, ko da wane ne ya nema.

Idan ma'aikatan bincike suka zo gida da takardar shaidarsu, a karɓe su a faɗa musu gaskiya. Ba haraji suka zo karɓa ba, ba kuma za su tambayi wanda mutum zai zaɓa ba.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi jami'in zaɓe na ƙaramar hukumarsa. Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.